A Saurari Masu Shagunan Keke Kafin A Kammala Dokar Kekunan Lantarki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wani lamari da ya shafi 'yan uwanmu da yawa a birnin New York na Amurka, inda nake da ƙaramin shagon sayar da kekuna da gyaransu a unguwar Bronx. Akasarin masu shigowa wurina matasa ne daga Nijar da Ghana da Gini, masu kai wa mutane abinci gida-gida, kuma keken lantarki shi ne jarinsu, shi ne gonarsu.

Babu mai musun cewa ana buƙatar doka. A shekarar 2023 kaɗai hukumar kashe gobara ta birnin ta ƙirga gobara 268 da batiran litiyam, irin waɗanda kekunan lantarki ke amfani da su, suka haddasa, mutum 18 suka rasu, huɗu daga cikinsu a gobarar da ta tashi a wani shagon gyaran kekuna da ke titin Madison a watan Yuni. Dokar birni mai lamba 39, wadda ta fara aiki a watan Satumbar 2023, ta hana sayar da keken da bai cika ƙa'idar inganci mai suna UL 2849 ba, da batirin da bai cika UL 2271 ba. Na yi maraba da ita, ko da yake ta ci mini kuɗi.

Sai dai abin da nake gani a kan teburina kullum bai shiga cikin dokar ba. Kwanakin baya wani yaro ya ajiye mini batir da ya kumbura, an naɗe gefensa da salatif, cajar da yake sa masa kuwa ta wani keke ce daban da ya aro a wurin abokinsa. Ta intanet ya saye shi saboda araha, yana kuma sa masa caji da dare a bakin ƙofar ɗakin da su biyar suke kwana, wato idan wuta ta tashi babu hanyar fita. Da an tambayi kowane mai gyara, da ya faɗa cewa haɗa caja da batirin da ba nata ba yana cikin manyan hatsarorin da muke gani, kuma muddin bakin caja ɗaya yana shiga batira masu ƙarfi daban-daban, matsalar tana nan. Da ya kuma faɗa cewa mai aikin awa goma a titi ba zai jefar da tsohon batirinsa ba sai an musanya masa da mai inganci a farashin da zai iya.

A watan Maris na 2024 hukumar CPSC, mai kula da ingancin kayan masarufi a Amurka, ta nemi ra'ayin jama'a kan haɗarin da ke tattare da ƙirar waɗannan kekuna, a shirin kafa musu sabuwar doka. Manyan kamfanoni suna da lauyoyin da ke rubuta musu amsa, mu kuwa da muke canza birkin da ya cinye cikin 'yan makonni saboda nauyi da gudu, yawancinmu ba mu ma ji labari ba. Ina kira ga hukumomi su zauna da masu ƙananan shaguna, su kawo tafinta idan ta kama, kuma su ɗora wa masu sayarwa ta intanet irin nauyin da aka ɗora mana. Ina kuma roƙon limamanmu da shugabannin ƙungiyoyinmu su riƙa sanar da jama'a duk lokacin da aka buɗe irin wannan ƙofa.

Shi kuwa yaron nan, na karɓe batirin na kai wurin da birni ya tanada don zubar da irinsa, na ba shi mai inganci bashi, yana biya mako-mako.

Wassalam.

Wani mai shagon keke,
Bronx, New York