Wasiƙa zuwa ga aminina da ke bakin teku

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk mutanenmu na Tema, can ƙasar Gana. Nan Zariya kowa lafiya, sai dai zafin bazara da ya matsa mana, har yara sun koma kwanan tsakar gida. Na ga hoton da ka turo, kana tsaye a bakin ruwa ga jiragen kaya a bayanka. Shi ya sa ma na zauna rubuto maka, don kwanakin nan tekun nan naku yana cikin raina ƙwarai.

Ka san tun da aka ba ni darasin kimiyya na 'yan aji biyar na koma karance-karance. Abin da ya fara kama ni shi ne labarin madubin hangen nesan nan, James Webb, wanda aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, yana can nisan kilomita miliyan 1.5 daga nan. A watan Agusta 2022 masana suka sanar cewa ya gano iskar kabon, irin wadda ke fita in an ƙone mai ko gawayi, a sararin wata duniya mai suna WASP-39b, wadda haske kansa sai ya yi tafiyar shekara wajen 700 kafin ya iso mana daga wajenta. Jira suka yi ta gifta ta gaban tauraronta, haskensa ya ratsa iskarta, sai suka ga wani yanki na hasken ya ragu. Ashe iskar kabon tana da irin hasken da take shanyewa, hasken zafi wanda ido ba ya gani, irin wanda kake ji a fuska in ka matsa kusa da garwashi. Subhanallah, na daɗe zaune da wayar a hannu.

To wannan halin nata da ya tona ta a can, shi ne yake dafa mu a nan. Ƙasa ta wuni tana shan rana, ta riƙa mayar da zafin sama, iskar kabon ta tare wani kaso ta komo mana da shi. Tun 1859 John Tyndall ya auna haka a Landan. A 1958 wani Ba'amurke, Charles Keeling, ya fara auna yawanta a kan dutsen Mauna Loa da ke Hawayi, ya samu wajen kashi 315 cikin miliyan. Yau ta haura 420, alhali kafin zamanin masana'antu wajen 280 ce. Shekarar 2024 kuma ita ta fi duk shekarun da aka taɓa aunawa zafi.

Amma teku nake so in ba ka labari. Makon jiya na shiga aji da balam-balam biyu da kyandir. Na hura ta farko na ɗora kan wuta, nan take ta fashe, 'yan mata suka saki ihu. Ta biyu na zuba mata ruwa kaɗan kafin in hura. Na riƙe ta kan harshen wutar, ajin ya yi tsit, kowa ya toshe kunne yana jira. Gindinta ya yi baƙi da hayaƙi, amma ta ƙi fashewa, ruwan yana kwashe zafin kafin ya ci robar. Wani yaro daga baya ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, to in ruwan ya gaji fa?” Wallahi tambayar ta bi ni har gida.

Abin da teku ke mana ke nan. Wajen kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da duniya ke tarawa a cikinsa yake shiga, kuma yana shanye kusan rubu'in iskar kabon da ake fitarwa. Yadda aka san haka ya burge ni. Akwai wasu na'urori da ake kira Argo, kusan 4,000, warwatse a tekunan duniya, babu matuƙi babu inji mai tura su. Kowace takan nutse har zurfin mita 2,000, ta taso tana auna zafi da gishirin ruwa, duk kwana 10 ta leƙo sama ta aika wa tauraron ɗan'adam abin da ta samu, ta sake nutsewa. Abin da suke kawowa shekara da shekaru ɗaya ne, ruwan yana ƙara ɗumi har can ƙasa. Iskar da yake sha kuma tana sa shi tsami, tsamin ya ƙaru da wajen kashi 30 cikin 100, abin da ke wahalar da halittu masu ɓawo irin su kawa.

Za ka ce mu da muke nesa da ruwa ina ruwanmu. Daminarmu daga gabanka take tasowa. Iskar da ke kawo mana hadari daga mashigin tekun Gini take ɗebo danshinta. Ka tuna yadda Baba, Allah ya jiƙansa, yake ba mu labarin farin 1973 da na 1984, yadda shanu suka zube, mutanen arewa suka yi ta kwararowa da 'yan ƙunshinsu a ka? An daɗe ana ɗora laifin kan makiyaya da masu saran itace. Daga baya bincike ya nuna babban dalilin yana cikin teku: arewacin Atlantika ya yi sanyi in an kwatanta da tekunan kudu, sai ruwan sama ya ja da baya ya bar Sahel, kuma hayaƙin masana'antun Turai da Amurka yana da hannu a sanyin, don yana tare hasken rana. Wannan ya ɓata min rai matuƙa. Bafulatanin da ya rasa garkensa shi aka bari da zargi. Har yau ma Afirka gaba ɗayanta abin da take fitarwa wajen kashi 4 ne cikin 100 na iskar kabon ta duniya.

Ina roƙonka abu biyu. In ka samu sarari ka zauna da tsofaffin masuntan wajenku, ka tambaye su yadda kamu yake yanzu da yadda yake a ƙuruciyarsu, da ko ruwa ya ci musu gaɓa, ka rubuto min yadda suka faɗa da bakinsu, in karanta wa ɗalibai. Sannan in za ka zo Babbar Sallah ka cika min gora ɗaya da ruwan teku, ka haɗo da ɓawon kawa ko guda biyar. Yawancin yaran nan ba su taɓa ganin ruwan da ya fi madatsar Shika ba, ina so su ɗanɗana gishirin da harshensu, mu jiƙa ɓawon a ruwan tsami su ga abin da zai faru.

Ka gaida min uwargida da yara, da maƙwabcinka mai shayi da ya karɓe ni hannu bibbiyu wancan zuwan. Inna tana gaishe ka, ta ce kada ka manta mata da goro.

Wassalam.

Naka amini,
daga Zariya