Rahoton Kwamitin Ginin Ɗakin Ajiye Tarihin Zango a Kumasi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu malamai, sarakunan ƙabilu, iyaye mata da matasa, na gida da na ƙetare. Tun da aka gama ɗakin ajiye tarihi aka sa masa makulli, tambaya ɗaya ce ke yawo a wuraren suna da ɗaurin aure: ɗaki biyu ne da baranda, to ina sauran kuɗin? Duk wanda ya sa ko sidi ɗaya yana da haƙƙin ya tambaya. Abin da ya sosa mana rai shi ne masu cewa an ci, alhali ko sau ɗaya ba su zo sun buɗe littafin ma'aji ba.

Fili ba mu saye shi ba, kyauta aka ba mu a gefen wata makarantar allo a Aboabo. A taron farko aka tsayar da ɗaki ɗaya na ajiya, ɗaya na zama da ɗaukar murya. Bulo, siminti, rodi, katako da kwano duk an saya da rasit. Haƙar tushe da ɗibar ruwa matasa ne suka yi, ba su karɓi komai ba sai koko da ƙosai.

Inda kuɗi suka tafi shi ne ƙarƙashin ƙafafunku, wurin da ido ba ya gani. An riga an yi daɓe, an yi filasta, sai ruwan sama mai ƙarfi ya sauka. Mutanen Aboabo ba sa buƙatar a gaya musu halin ƙasarsu da damina. Ruwa bai shigo ta ƙofa ba, ta ƙasa ya taso: bango ya jiƙe har kusan gwiwa, filasta ta fara kumbura, ɗakin ya ɗauki warin laima. Da shago muke ginawa, da mun shafa fenti mun wuce. Amma abin da za a ajiye a ciki takarda ce da kaset, kuma funfuna na kama takarda da zarar laimar iska ta wuce kashi 65 cikin ɗari, alhali daminar Kumasi takan haura 80.

A makon da ruwan ya taso ne iyalan wani malami da ya rasu suka kawo mana akwatinsa na ƙarfe don su nuna irin abin da suke so a ajiye. Da aka buɗe, sai ga takardun warwara na ajami a cikin gafaka sun manne da juna, tawada ta narke ta bi gefe, gara ta huda tsakiya. Kaset ɗin wa'azinsa kuwa farar funfuna ta rufe zaren. Shekaru akwatin ya yi a ƙarƙashin gado a kan daɓe mai sanyi. Duk wanda ke wurin ya ga abin da ɗakinmu zai yi wa amanar mutane idan aka bar shi haka.

Saboda haka aka fasa daɓen gaba ɗaya, aka ciko da tsakuwa aka ɗaga shi, aka shimfiɗa leda mai kauri ta hana laima tasowa, aka sake zuba kankare. Filastar ƙasan bango aka kankare aka sake da maganin hana ruwa, aka kewaye ginin da kwata. Kafin a gama wannan, siminti ya ƙara kuɗi. Wannan gyara shi kaɗai ya ci kaso mafi girma bayan rufi, kuma bai ƙara wa ginin ko taku ɗaya na faɗi ba. Shi ya sa mai wucewa ke ganin kuɗi sun fi ginin.

Sai maganar kabad ɗin ƙarfe da na'urar tsotse laima, wadda a kanta aka fi surutu. An ce kafintocinmu za su yi na katako a kan rabin kuɗin. Gaskiya ne, kuma ba mu raina aikinsu ba, su suka yi mana ƙofofi da benci. Amma katako abincin gara ne, yana kuma riƙe laima. Araha ba ta ado. An ce a sa fanka maimakon na'ura. Fanka juya iska take yi, ba ta cire ruwan da ke cikinta. Ku zo da damina ku ga ruwan da ake zubarwa daga tankin na'urar. Sola kuwa dumso, wato yawan ɗauke wuta, ce ta sa muka saka ta, don na'urar da ke tsayawa duk sanda aka ɗauke wuta ba ta tsare komai.

Godiya ta musamman ga Hajiyarmu mai atamfa a kasuwar Kejetia, wadda ta hana a ambaci sunanta. Ranar da aka fasa daɓe asusu ya kusa ƙarewa, ita ta biya simintin duka, ba ta ko nemi a zo a yi mata bayani ba. Allah Ya gina mata gida a Aljanna. 'Yan'uwanmu na Jamus da Amurka su suka ɗauki nauyin sola, suna turowa wata bayan wata ba tare da an tuna musu ba. Alhajin da ya ba da fili, Allah Ya sa ya zama sadaka mai gudana gare shi da iyayensa. Ba mu manta da mata masu waake da tuwo da suka riƙa turo 'yan canjinsu ta MoMo ba.

Yanzu gini ya tsaya, amma kabad ɗin kusan babu komai a ciki, kuma asusu ya ƙare. Tarihin Zango na da masu riƙe shi a rubuce: waƙoƙin Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano da ya rasu a 1934, suna nan, kuma Jami'ar Legon ta tattara rubuce-rubucen Larabci da ajami tun shekarun 1960. Amma wa ya rubuta labarin kakar da ta yi shekara arba'in tana gyaran goro, ko na direban da ya san hanyar Tamale da Bawku tun kafin kwalta? Jikokin fataken da suka watse daga Salaga bayan yaƙin 1892 suna cikinmu, abin da suka ji daga bakin kakanninsu yana kansu ne kawai. Waɗanda suka ga korar baƙi ta Nuwamban 1969 a zamanin Firaminista Busia, lokacin da aka ba mutane mako biyu su tattara su bar ƙasa, wanda yake ɗan shekara 20 a lokacin, yau ya ba 70 baya. Tun da muka fara haƙar tushe mun yi jana'izar wasu daga cikin dattawan da ke kan jerinmu, ba a ɗauki muryarsu ba.

Abin da ya rage shi ne rikoda mai kyau, kwamfuta da na'urar kwafe takardu, da abin juyar da tsofaffin kaset kafin su mutu. Kowace murya za a yi mata kwafi fiye da ɗaya, a ajiye ɗaya a wani gida daban saboda gobara. Muna buƙatar ɗan alawus ga matasa masu jin Hausa, Mosanci, Dagbanci, Zabarmanci da Kotokoli, domin hirar awa ɗaya takan ci yini kafin a rubuta ta. Muna kuma buƙatar mata masu ɗaukar hira, don akwai abin da tsohuwa ba za ta faɗa wa namiji ba. Ba za a ɗauki kowa ba sai da yardarsa, wanda kuma ya ce a rufe maganarsa sai bayan ransa, za a rufe.

Littafin ma'aji da rasit duka suna ɗakin kowace Juma'a bayan sallar La'asar. Mai tambaya ya zo ya duba, mai taimako ya zo da abin da ya sawwaƙa. Wanda ke da tsoho ko tsohuwa a gida ya kawo mana suna a wannan makon, za mu fara da mafi tsufa da marasa lafiya.

Wassalam,
Sakataren kwamiti, a madadin sauran mambobi.