Hattara da shuɗin dutsen da ke narkewa a ruwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwana masu harkar duwatsu game da wani ma'adini da ake kira kalkantait, wanda ake tallarsa a intanet da kuɗi masu yawa.

Kalkantait gishiri ne na jan ƙarfe da farar wuta, mai shuɗi mai ɗaukar ido, kuma ruwa yana narkar da shi kamar gishirin miya. Wannan ne ya sa na asali yake da wuyar samu, domin ba ya daɗewa sai a busasshen wuri, irin mahaƙar jan ƙarfe ta Cukikamata da ke hamadar Atakama a ƙasar Cile, ko a bangon tsofaffin ramukan haƙar ma'adinai. A irin waɗannan wurare yakan fito ne a matsayin ɓawo a jikin dutse, ko siraran jijiyoyi masu kama da zare.

Na taɓa sayen guda a hannun wani ɗan kasuwa, manyan ƙwayoyi masu sheƙi kamar gilashi, kowace kusurwa a miƙe babu tabo. Daga baya na gane cewa a kwalba aka haɗa shi. Ana narkar da garin da ake haɗa maganin feshin gona da shi a ruwan zafi, a jefa tsakuwa a ciki, bayan 'yan kwanaki ƙwayoyin su tsiro a jikinta. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, kyan da ya ruɗe ni shi ne babbar alamar jabu.

Gane ma'adinin ba shi da wuya. Yana da taushi, tsinin wuƙa yana karce shi nan take, kuma idan aka narkar da ɗan ɓarɓashinsa aka tsoma ƙusa, za ta fito da jan ƙarfe a jikinta. Sai dai na kwalba ma haka yake yi, saboda haka dole mai saye ya dubi siffarsa da dutsen da yake manne a kai, ya kuma nemi sanin mahaƙar da aka ciro shi.

Ina kuma roƙon abokan sana'a su daina shafa wa dutse yawu ko lasarsa don ganin launi, domin wannan ma'adinin guba ne. Wanda Allah ya ba shi na asali ya rufe shi ruf a kwalba inda yara ba sa kaiwa. Nawa da na bari a kan tebur, iskar hunturu ta shanye ruwan jikinsa, kafin bazara ya koma fari yana zubar da gari.

Naka,
Wani mai harkar duwatsu,
Jos.