Amsa ga Mai Unguwa kan fankokin lantarki da 'yan ci-rani

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe.

A taron ƙungiyar gari, washegarin sallah, ka tsayar da ni gaban jama'a ka ce: "Kai da ka san harkar wuta, in aka kafa manyan fankokin nan masu samar da lantarki da iska a duwatsunmu na ƙasar Kazaure, yaranmu za su daina tafiya ci-rani?" Na roƙi ka ba ni lokaci. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, a nan zan amsa.

Gaskiya, fankar ita kaɗai ba za ta tsayar da su ba. Lokacin gini ana neman lebura, direba, mai ɗaurin rodi, mai abinci. Kasuwa ta cika, ɗakin haya ya yi tsada. Shekara ɗaya ko biyu an gama, manyan motoci sun juya. Sai masu gyara ƙalilan da masu gadi. Ƙera fankar kuwa, inda aikin yake da yawa, yana can Sin da Denmak da Jamus.

Ba sai mun je nesa ba. A Lambar Rimi ta jihar Katsina akwai fankoki 37 masu fiffike biyu, na megawat 10. A Disambar 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan Faransa da ke aikin, komai ya tsaya, aka shafe fiye da shekara goma ana jan ƙafa. Yaron da ya zauna jiran wannan aikin, ai da yunwa ta kore shi Legas.

A Kenya, kusa da tafkin Turkana, an kafa fankoki 365 masu ba da megawat 310. Makiyayan yankin sun samu hanya mai tsawon kusan kilomita 200, wannan alheri ne. Amma fankokin sun yi fiye da shekara a tsaye suna jiran layin wutar da zai kwashe lantarkin, mai tsawon sama da kilomita 400. A 2021 kuma kotu a Meru ta ce ba a bi ƙa'ida ba wajen ba da filin kiwon mutanen.

Maganar filin nan ce ta hana ni barci, ranka ya daɗe. A jihar Ayowa ta Amurka, inda iska ke ba da fiye da rabin wutarsu, manomi ba ya sayar da gonarsa. Haya yake bayarwa, kuɗi na shigo masa duk shekara, masararsa na tsaye har gindin fankar. Mu nan dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, diyya kuma ta amfanin gona ce da gini, sau ɗaya tak. Mun ga yadda kuɗin diyya ke ƙarewa: babur, aure, damina biyu, shi ke nan, ba gona ba kuɗi. Duk wanda ya zo, a ce masa haya, a rubuce, da burtalin shanu a ciki.

Kada kuma bujin hunturu ya ruɗe mu. In gudun iska ya ninka biyu, wutar ninki takwas take yi, haka in ya ragu take zubewa. Shi ya sa masu aikin gaskiya ke fara kafa dogon ƙarfen awo, ya shekara aƙalla. Wanda ya zo neman fili babu awo, fili yake so.

Abin da zai riƙe yaranmu shi ne wutar ta sauko cikin gari, kada ta wuce ta samanmu zuwa Kano. Ka dubi mai niƙan bakin kasuwa: kafin hantsi ya auna gas a galan, ya ɗaga shi sama yana duba saura, mata na tsaye da ƙwaryar gero ana cinikin ƙarin naira hamsin. Ba shi wuta mai araha, ya ɗauki yara biyu. Haka mai walda, mai ƙanƙara, mai gyaran riɗi, da mai noman rani da fetur ke cinye masa ribar albasa. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu, don haka wannan sharaɗi a Dutse za mu nema.

Roƙona ɗaya. Ka sa a zaɓo yara biyar da suka gama sakandare, in fara koya musu wayarin da haɗa sola a shagona, kyauta, kafin a gama girbi. Ranar Juma'a bayan masallaci zan zo ƙofar gidanka in karɓi sunayensu.

Allah ya ja zamaninka.

Ɗanka,
Mai gyaran wuta