Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Zazzau Kan Kwashe Bindigogin Maharba Da 'Yan Sintiri

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zazzau, Shugaban Majalisar Sarakunan Jihar Kaduna, ta hannun Hakiminmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nasara. Bayan gaisuwa ta ban girma da biyayya, mu talakawanka ne mazauna unguwannin bayan ganuwa da ƙauyukan da ke kewaye da su: masu unguwanni, limamai, maharba, maƙera da shugabannin 'yan sintiri. Muna neman gafara idan harshenmu ya yi kaifi a wani wuri, zafin abin ne.

Ranka ya daɗe, a daren Larabar da ta wuce ɓarayin daji sun shigo ɗaya daga cikin unguwanninmu bayan ƙarfe ɗaya. Sun ajiye babura a bakin rafi, suka tako da ƙafa, suka fasa katangar wani magidanci ta baya, suka tafi da matarsa da 'ya'yansa. Ɗan sintirin da ya fara ganinsu gora da tocila ne kawai a hannunsa. Ya busa usur, suka harbe shi, mun yi masa sutura da hantsi. Kwanaki kaɗan kafin wannan, wasu jami'ai sun zagaya suka kwashe bindigogin toka na maharbanmu da na 'yan sintiri, suka zuba a bayan mota. Ba a rubuta sunan kowa ba, ba a ba kowa rasit ba, ba a ma tsaya an gaida mai unguwa ba. An yi kwasar da rana tsaka a gaban kowa, har da masu kai wa ɓarayi rahoto. Wanda ke daji ya san unguwar ta zama fanko kafin wasu daga cikinmu su sani.

Muna so Mai Martaba ya dubi abin da aka ƙwace, ya dubi abin da aka bari. Bindigar toka, wadda ake kira harba-ka-ruga, ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a cusa tsumma, a danna da sanda, a zuba dalma, a sake toshewa, sannan a sa hula. Harbi ɗaya take yi, kuma ko gwani sai ya ɗauki kusan minti guda kafin ya sake ɗurawa, balle cikin duhu. Da damina albarushi kan sha sanyi ya ƙi tashi. In an cika mata ɗuri bututun ya fashe ya tafi da yatsun mai ita. Bayan taku arba'in ko hamsin ba ta da tabbas. Shi kuwa ɓarawo AK-47 yake riƙe da ita, gidan harsashinta ɗaya na cin 30, tana kashewa daga mita 300, yakan kuma ɗaure gida biyu da salatif ya juya cikin ƙiftawar ido. Babu mai hankalin da zai ce bindigar toka na yaƙi da wannan. Amfaninta ƙara ce. In ta tashi, unguwa ta farka, mata da yara su shige gonaki, maƙwabta su amsa da tasu, ɓarawo ya gane an gan shi ya rage zama. Wannan ƙarar ce aka ɗauke mana.

Mu ba masu ja da doka ba ne, mun kuma san abin da ta ce. Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa makamai gida uku. Bindigogin yaƙi da fistol haramtattu ne sai da izinin Shugaban Ƙasa. Bindigogin farauta masu cin harsashi lasisinsu na wajen Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Masu ɗuri ta baki, irin namu, al'amarinsu a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha yake. Dokar ta hana lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Wato tantancewa ta ce a yi. Amma tun da aka sanar da dakatar da ba da sabon lasisi a 2023, mutumin kirki ya rasa ƙofar da zai bi, ɓarawo kuwa dama bai taɓa cike fam ba.

Allah ya taimaki Sarki, mun ga irin waɗannan hane-hane a baya. A 2021 an hana hawa babur a jihar nan, an hana sayar da fetur a jarka, an rufe kasuwannin mako a wasu ƙananan hukumomi har da Giwa maƙwabciyarmu, an katse layukan waya a wasu yankuna. Ba mu ce matakan ba su takura wa ɓarayi ba, sun takura musu na ɗan lokaci. Amma mai noman rani ya rasa man injin ban ruwa, mai haƙuri ya rasa abin hawa zuwa asibiti, wanda aka kai wa hari ya rasa yadda zai kira agaji, masu kai wa daji mai kuwa sai suka ƙara kuɗi suka koma tafiyar dare. Haka hanin bindiga yake yi in ba a yi shi da lissafi ba. Maƙerin da ke gyara a bainar jama'a ya koma ƙuryar ɗaki, bindigar da aka sani ta koma ƙarƙashin rumbu, ba lamba, ba mai shaida. Kuma makaman da ke kashe mu ba daga maƙera suke fitowa ba. Tun rushewar gwamnatin Libiya a 2011 suke kwararowa ta Nijar, sannan rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na 2019 ya nuna AK-47 guda 88,078 da ba a iya faɗin inda suka shiga daga rumbunan gwamnati ba. Harsashi kuma a buhun hatsi da jarkar manja da cikin kujerar mota ake safararsa, ta hanyoyin da kowa ke bi.

Mun sha kai kuka. Mun rubuta, mun je da ƙafa, an yi zama, an ce a kawo sunaye mun kai, an ce a jira mun jira. Tun harin da aka kai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli a 2021 muke wannan zirga-zirga, har takardun sun fara yi mana kama da juna.

Don haka muke roƙon Mai Martaba, uban ƙasa, ya sa baki a dawo da bindigogin da aka kwashe, ko a ba kowane mai ita rasit da dalilin riƙewa. Muna roƙon a buɗe rajista a kowace gunduma: mai unguwa da Sarkin Baka, shugaban maharba, su shaidi mutum, dagaci ya sa hannu, a ɗauki hotonsa da lambar katin ɗan ƙasa, Sarkin Maƙera ya buga wa bututun lamba da ƙarfe, a ajiye kwafi a fadar Hakimi da caji ofis. Bindigogin sintiri a tara su a ɗaki guda mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wajen mai unguwa, ɗaya wajen shugaban sintiri, a fitar bayan sallar isha'i da sa hannu, a mayar bayan asuba. Albarushi a auna shi, a rubuta abin da aka ƙona. Wanda ya fita da bindiga zuwa biki, ko rikicin gona, ko taron siyasa, a karɓe, a soke sunansa, mu da kanmu za mu miƙa shi. A cikinmu akwai masu zafin kai, ba mu ɓoye ba, rajistar ce za ta fitar da su. Maƙera ma a ba waɗanda aka sani izinin gyara, kowa da littafinsa.

Muna kuma roƙon Sarki ya isar wa Gwamna da Kwamishinan 'Yan Sanda da cibiyar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai da aka kafa a 2021 cewa su karkata ƙarfinsu kan masu safarar harsashi da masu kai rahoto. A ƙaro mana 'yan KADVIS, rundunar sintiri ta jiha, a sa motar sintiri ta riƙa kwana a mashigar rafin nan, a ba mu lambar waya da za a ɗauka da ƙarfe biyun dare. In kuma hukuma ta ga lallai sai an karɓe makaman, to a fara kawo masu tsaron kafin a karɓa, kada a sake barin unguwa da gora da tocila. Kuma don Allah a dawo da bindigogin da aka riga aka kwashe.

Matar da yaran suna daji har yanzu, an kira an yanka kuɗin fansa, maigidan ya sa gonarsa a kasuwa. Marigayin ya bar iyali. Muna roƙon a ba wakilanmu rana su zo fada su faɗi gaisuwa, su kawo sunayen maharba da 'yan sintirin da abin ya shafa.

Allah ya ja zamanin Sarki.

Masu biyayya,
Masu unguwanni, limamai, maharba, maƙera da shugabannin 'yan sintiri na unguwannin bayan ganuwa, Zariya.