Sabon Marubuci Ya Kalli Dirama Da Biro A Hannu

Malam Edita,

A ba mu fili mu ja hankalin masu koyon rubutu. Diramar talabijin makaranta ce, in an kalli kashi ɗaya sau biyu: na farko don nishaɗi, na biyu a rubuta abin da jarumi ke nema a kowace fitowa, da abin da ya tare masa hanya.

Inda ake tuntuɓe shi ne kwaso salon allo zuwa takarda. Kyamara fuska take nunawa, littafi kuwa sai ya shiga zuciya, in ba haka ba labarin ya koma hira zalla. A duba littattafan matasa: gajerun babi, matsala tun shafukan farko, kuma matashin ne ke warware ta, ba iyayensa ba.