Aminina, game da tsakuwar ƙodar yarinyar nan

Assalamu alaikum aminina,

Ya gida, ya iyali, ya kuma mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Tun jiya da naga saƙonka cewa sikanin ya nuna tsakuwa a ƙodarta wallahi hankalina bai kwanta ba, shi yasa nace bari in zauna in rubuto maka a tsanake don a waya maganar ba zata ƙare ba, ka san mun sha irin wannan da babban yarona yana ɗan shekara 7.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da kace kun hana ta madara. Dan Allah ku mayar mata. Mu ma haka muka yi, da muka ji ance tsakuwar kalsiyam ce sai muka janye duk wani abu mai madara muna ganin gata muke masa, sai da likitan yara ya zaunar da mu yace ai kalsiyam ɗin da ke cikin abinci shi ke kama sinadarin oksalet tun a hanji su fita tare ta bayan gida, in ka hana yaro shi sai oksalet ɗin ya shige jini ya gangara ƙoda, a can kuma yake haɗa tsakuwar. Ga ƙashinta da ke girma yanzu, da me zai ginu?

Gishiri ne abin ragewa. Duk sanda ƙoda ke fitar da gishirin da yayi yawa tana jan kalsiyam tare da shi cikin fitsari, kuma ba na tukunya kaɗai ba, kayan leda da na gwangwani da yara ke so ɗin nan cike suke da shi. Lemon kwalba mai zaƙi ma a rage. Nama kar a cika mata, amma kar a hana ta, yarinya ce mai tasowa. Sai ruwa, ta dinga sha har fitsarin ya koma kusan fari, ku lura da lokacin makaranta sosai, nawa ashe ƙin sha yake don kar fitsari ya kama shi a aji.

Amma kaga duk wannan ba shi ne asalin maganar ba. Tsakuwa a jikin yaro ba kamar ta babba bace, sau da yawa akwai wata matsala a yadda jikin ke sarrafa sinadarai, in ba a gano ta ba kuma tsakuwar dawowa take. Ka roƙi ayi mata gwajin fitsarin awa 24, ana tara duk fitsarin yini da dare a jarka ɗaya, akwai wahala da yaro amma ku daure. A nan ake ganin ko kalsiyam ya wuce miligiram 4 a kowane kilo na nauyinta a rana, ko kuma sitret ne yayi ƙasa, shi ne sinadarin da ke hana tsakuwa haɗuwa. Na yarona sitret ɗin ne, aka ɗora shi kan maganin potasiyam sitret. Akwai kuma na gado irin sistinuriya da yaro ke ɗaukowa daga uwa da uba, shi yasa ka faɗa wa likita in akwai mai tsakuwa a danginka ko na maman ta, kar ka ɓoye komai.

In tsakuwar ta fito da kanta kar ku zubar, ku dinga tace fitsarin da kyalle mai tsabta, a kai ta a duba ko wace iri ce don maganin ya danganta da irinta. In kuma zazzaɓi ya haɗu da ciwon, ko amai yaƙi tsayawa, ko fitsari ya ɗauke, kar ku jira gari ya waye, asibiti kawai.

Ka gaida min maman yara, kace mata ta kwantar da hankalinta. Da zarar sakamakon ya fito ka turo min in gani.

Naka har kullum.